Yadda ake bitar bayolojin sakandare kafin jarrabawa

Duk sanda jarrabawa ta matso, abin da na fi gani shi ne ɗalibi ya buɗe littafin bayoloji tun daga shafin farko, yana ja wa layuka zane da biro, yana nanata ma'anar kalmomi a bakinsa har dare ya tsala. Gari na wayewa ka tambaye shi dalilin da ya sa ganye yake kore, sai ya yi tsuru-tsuru. Kalmar kulorofil tana kansa, har ya iya rubuta ta ba kuskure, amma aikin da take yi a jikin ganye bai zauna masa ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin yaron bai yi lalaci ba, ya hana idonsa barci, hanyar da ya bi ce ba ta ɓullewa.

Bayolojin matakin farko a kan tambayoyi biyu yake rataye. Ta farko: ta yaya aka gano abin nan da littafi yake faɗa? Ta biyu: makamashi da sinadaran da ke jikin mai rai, daga ina suka fito, ina kuma za su? In kana shiga kowane babi da waɗannan tambayoyi a ranka, za ka ga darussan da ka zaci a warwatse suke ashe igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Abin da za ka tanada kaɗan ne: littafin darasi, manhajar da za a yi jarrabawa a kanta, fararen takardu, fensir, rula, da ƙaramin littafin rubutu guda wanda ba abin da zai shiga cikinsa sai kurakuranka.

Mataki na farko: auna kanka tukuna

Ranar farko kada ka buɗe littafi. Jera kanun darussan manhaja a takarda, ka ɗauki kowanne ka ba kanka minti uku ka rubuta duk abin da ka tuna a kansa. Wanda ka iya bayaninsa har da misali, ba shi maki biyu. Wanda sunansa kawai ka sani, maki ɗaya. Wanda ka tsaya cak, sifili. Daga masu sifili za ka fara, ko da yake na san rai ya fi son komawa kan abin da aka riga aka iya. Adana takardar nan, za mu dawo kanta.

Sannan ka raba kwanakinka yadda kowane darasi zai dawo gabanka fiye da sau ɗaya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa da tazara ta fi kama kai a kan a zauna a yi ta nanatawa a zama ɗaya. Don haka abin da ka karanta yau, gobe ka tambayi kanka shi littafi a rufe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako guda.

Mataki na biyu: hanyar binciken kimiyya

A nan zan daɗe, domin wanda ya iya wannan babi ya samu mabuɗin sauran.

Ɗalibai sukan haddace jerin nan: lura, tambaya, hasashe, gwaji, tattara sakamako, yanke hukunci. Jerin daidai ne, amma ƙashi ne tsura, sai ka sa masa tsoka da labarin gwaji na gaske. A da mutane, har da masana, sun yarda cewa ruɓaɓɓen nama shi ke haifar da tsutsa da kansa. Kowa ya gani da idonsa: a ajiye nama, kwana kaɗan tsutsa ta cika shi. Wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya lura cewa ƙudaje suna yanyame naman kafin tsutsar ta bayyana. Sai ya yi hasashen cewa daga ƙwan ƙuda take fitowa. Ya zuba nama a kwalabe, wasu ya bar bakinsu a buɗe, wasu ya toshe. Tsutsa ta fito a buɗaɗɗun kaɗai. Mai gardama zai iya cewa ai iska ka hana shiga, shi ya sa naman bai haihu ba. Redi ya toshe wannan ƙofa ita ma: ya rufe bakin wasu kwalaben da siririn ƙyalle mai barin iska ta wuce amma ya tare ƙuda. Naman ciki bai yi tsutsa ba. A 1668 ya wallafa abin da ya gano. Bayan kusan shekara ɗari biyu, Louis Pasteur a Faransa ya yi wa ƙananan ƙwayoyin halitta irin wannan gwaji, da kwalba mai dogon wuya a lanƙwashe: iska tana shiga, ƙura tana maƙalewa a lanƙwasar, romon da ya tafasa ya zauna garau har sai da aka karya wuyan kwalbar.

Yanzu ɗauki fensir ka ciro abubuwa huɗu daga gwajin Redi. Mene ne abin da ya sauya da gangan? Yanayin bakin kwalba. Mene ne abin da ya duba ya ga ko ya sauya a sakamakon haka? Bayyanar tsutsa. Waɗanne abubuwa ne ya kamata su zama iri ɗaya a ko'ina? Nau'in nama, girman kwalba, wurin ajiya, yawan kwanaki. Wane rukuni ne aka bari a yanayinsa na yau da kullum don a kwatanta sauran da shi? Kwalaben da ke buɗe. Littafinka yana da sunan da ya ba kowanne daga cikin huɗun nan. Rubuta sunan a gefen bayanin da ka yi da bakinka, kada ka haddace sunan shi kaɗai. Kusan duk tambayar da za a yi maka a kan gwaji, ɗaya daga cikin huɗun nan take nema.

Bayan haka yi naka gwajin, don abin da hannu ya taɓa ba ya saurin fita daga kai. Samu kofuna goma iri ɗaya, ƙasa iri ɗaya, da ƙwayar wake goma. Rubuta hasashenka kafin ka shuka, a siffar «idan kaza, to kaza»: idan shuka ta samu haske, to za ta fi wadda ke duhu tsawo. Biyar ka ajiye kusa da taga, biyar a cikin kwali mai 'yan ƙofofin shan iska. Kowane kofi ruwa daidai da na ɗan'uwansa, a auna, misali mililita 30. Duk bayan kwana biyu ka auna tsawon kara da rula, ka rubuta a jadawali da santimita, har mako biyu.

Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Na cikin duhu za su fi tsawo, amma sirara ne, ɗorawa-ɗorawa, ganyensu ƙanana, suna langaɓewa. Na taga gajeru ne, kaurara, kore shar. Hasashenka ya faɗi ke nan, kuma gwajin bai lalace ba. Na sha ganin ɗalibi ya goge hasashensa ya rubuta wani don ya dace da sakamako, ko ya gyara lambobi. Kada ka kuskura. Rubuta cewa sakamako bai goyi bayan hasashe ba, sannan ka nemi dalili: shukar da ke duhu tana kashe abincin da ke cikin ƙwayar ne wajen miƙewa neman haske. Ka kuma tambayi kanka, shin cikin kwalin bai fi bakin taga zafi ko sanyi ba? In haka ne, abu biyu ka sauya ba ɗaya ba, kuma wannan rauni ne da mai gwaji na gaskiya yake faɗa da bakinsa. Dalilin kofi biyar-biyar maimakon ɗaya-ɗaya kuwa shi ne ƙwaya ɗaya tana iya zama marar lafiya, sai ka ɗauki matsakaicin biyar ɗin.

Abu biyu kuma da ake yawan faɗawa ramin su. Hasashe zato ne da ake iya gwadawa, nazariyya kuwa a bakin masana kimiyya bayani ne mai faɗi da ya tsallake gwaje-gwaje masu yawa, kamar nazariyyar ƙwayar halitta. Sannan faruwar abu biyu tare ba ta nuna cewa ɗaya ne ya haddasa ɗayan. Nama da tsutsa ma tare ake ganinsu.

Mataki na uku: ƙwayar halitta, da fensir a hannu

A 1665 Robert Hooke na Ingila ya yanka ɓawon wata bishiya da ake yin murfin kwalba da shi, ya duba a na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, ya ga 'yan ɗakuna a jere, ya kira su sel, wato ƙaramin ɗaki; su ne muke kira ƙwayoyin halitta. A shekarun 1670 Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na Holand, ya ga halittu masu motsi a cikin ɗigon ruwa da gilasan da ya goge da hannunsa. Matthias Schleiden a 1838 ya ce tsirrai da ƙwayoyin halitta aka gina su, Theodor Schwann a 1839 ya ce dabbobi ma haka, Rudolf Virchow a 1855 ya ƙara da cewa kowace ƙwayar halitta daga wata take fitowa. Ka ga maganar Redi da Pasteur ce ta sake dawowa: mai rai daga mai rai yake fitowa.

Rufe littafi ka zana ƙwayar halittar dabba da ta tsiro gefe da gefe. Kowane sashe ka ja masa layi da rula, ka rubuta suna da aiki cikin kalmomin da ba su wuce biyar ba. Tantani yana tace abin da ke shiga da fita. Nukiliyas tana riƙe da DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Ribosom yana haɗa furotin. Mitokondiriya tana fitar da makamashi daga abinci. Ta tsiro tana da ƙarin bango na selulos, da kuloroplas inda tsiro yake haɗa abincinsa, da babbar jakar ruwa a tsakiya. Buɗe littafi ka gyara da biro mai wani launi, abin da ka manta ya shiga littafin kurakurai. Maimaita gobe. Kuskuren da na fi cin karo da shi a nan shi ne a ce tsiro ba shi da mitokondiriya tunda yana da kuloroplas. Yana da duka biyun. Ka kuma tuna cewa bakteriya tana da DNA da ribosom amma ba ta da nukiliyas, jajayen ƙwayoyin jinin mutum kuma in sun balaga su ma ba su da ita.

Akwai ɗan lissafi a wannan babi, kada ya tsorata ka. A na'urar ƙara girma, in gilashin ido yana ninkawa sau 10, na ƙasa sau 40, jimlar ninki 400 ne. In kuma zane aka ba ka, raba tsawon zanen da tsawon abin na gaskiya: zane mai milimita 50 na abin da tsawonsa milimita 0.1 ne, ninki 500 ke nan. Ka tabbata ma'aunin biyu iri ɗaya ne kafin ka raba. Milimita ɗaya maikuromita 1,000 ce.

Osmosis kuwa ka gan shi da ido. Yanka dankali sanduna biyu masu tsawo ɗaya, santimita 5, ka jefa ɗaya a ruwa zalla, ɗaya a ruwan gishiri mai kauri. Bayan awa ɗaya ko biyu, na ruwa zalla ya sandare har ya ɗan ƙara tsawo, na ruwan gishiri ya yi laushi yana lanƙwasuwa. Ruwa ne yake ratsa tantani daga inda narkakken abu ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa, ba tare da ƙwayar halitta ta kashe makamashi ba. In kuwa saiwa za ta jawo gishirin ma'adinai daga ƙasa zuwa cikinta inda ya riga ya fi yawa, to hawan tudu ne, sai ta kashe makamashi.

Mataki na huɗu: bi sawun makamashi

Fara da wannan tambaya: nauyin katuwar bishiya daga ina ya fito? Yawancin mutane za su ce daga ƙasa. Jan Baptist van Helmont, mutumin ƙasar da yau ake kira Beljiyam, ya gwada. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 a tukunya, ya dasa ƙaramar bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai, ya yi ta ba ta ruwa shekara biyar. Da ya sake aunawa, bishiya ta kai kimanin kilo 77, ƙasa kuwa abin da ta rasa bai kai giram 60 ba. Sai ya yanke hukuncin cewa daga ruwa kaɗai nauyin ya fito. An wallafa wannan a 1648, bayan rasuwarsa. Ina son wannan gwaji domin awonsa yana da kyau, ya kuma wanke ƙasa daga zargi, amma hukuncinsa ya gaza, saboda akwai abin da bai auna ba: iska. A 1771 Joseph Priestley ya nuna cewa tsiro yana gyara iskar da kyandir ya ɓata, a 1779 kuma Jan Ingenhousz ya nuna cewa sai da haske hakan take faruwa.

Yanzu rubuta lissafin fotosintesis, wato yadda tsiro yake haɗa abincinsa da haske, da kalmomi tukuna: kabon dayoksaid da ruwa, da taimakon haske da kulorofil, suna ba da gulukos (wani nau'in sukari) da oksijin. Sannan da alamomi: 6CO2 + 6H2O → C6H12O6 + 6O2. Ƙirga kabon, haidurojin da oksijin a ɓangarorin biyu ka ga sun yi daidai, ta haka ko ka manta lamba ɗaya za ka iya gano ta. Kulorofil, sinadarin launi da ke cikin ganye, yana shanye jan haske da shuɗi, ya mayar da kore zuwa idonka, shi ya sa ganye yake kore. Oksijin ɗin da tsiro yake fitarwa daga ruwan da ya fasa yake fitowa.

Juya lissafin baya, ka samu numfashin ƙwayar halitta: gulukos da oksijin suna ba da kabon dayoksaid da ruwa da makamashi a siffar ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a cikin ƙwayar halitta. Tsiro yana yin wannan dare da rana, kamar yadda kake yi. Da rana fotosintesis ne yake rinjaye, shi ya sa ake ganin oksijin yana fita. In babu oksijin, yis yana samar da alkohol da kabon dayoksaid, tsokar mutum kuma tana samar da asid ɗin laktik, makamashin da ake samu ta wannan hanya kaɗan ne ƙwarai.

Gwajin sitaci a ganye (a siffar sitaci ganye yake ajiye gulukos ɗin da ya haɗa) yana yawan fitowa a jarrabawa, kuma dalilin kowane mataki ake tambaya. A ajiye shuka a duhu kwana biyu don sitacin da ke ganyen ya ƙare. A rufe wani sashe na ganye da baƙar takarda, a fitar rana na wasu sa'o'i. A tsoma ganyen a tafasasshen ruwa don a kashe ƙwayoyinsa. A dafa shi a alkohol don kulorofil ya fita launi ya bayyana, amma a cikin kwanon ruwan zafi za a ɗora mazubin, nesa da harshen wuta, domin alkohol yana kamawa. A ɗauraye ya yi laushi, a ɗiga aidin. Inda haske ya taɓa zai koma shuɗi mai duhu kamar baƙi, inda aka rufe zai tsaya ruwan ƙasa. Koma ga abubuwa huɗu na mataki na biyu ka ciro su daga wannan gwaji ma.

Mataki na biyar: gado da rarrabe halittu

Ƙwayar halittar jikin mutum tana da kuromosom (zarurrukan da ke ɗauke da DNA) 46, wato tagwaye 23. Ƙwayar halitta tana rabuwa ta hanya biyu, maitosis da mayosis. Maitosis yana ba da ƙwayoyi biyu iri ɗaya da uwar, kowace da 46, don girma da gyaran jiki. Mayosis yana ba da huɗu masu bambanci, kowace da 23, don haihuwa. Wannan ya isa ka raba su.

Gregor Mendel, malamin coci a garin Burno na ƙasar Cek ta yau, ya yi shekaru yana haɗa auren waken fis yana ƙirga 'ya'ya, ya wallafa a 1866. Zana akwati mai gida huɗu, ka haɗa Tt da Tt, inda haruffan suke tsaye wa abin da shuka ta gada daga iyaye: T tsawo ne mai rinjaye, t gajarta. Za ka samu TT, Tt, Tt, tt: dogaye uku, gajere ɗaya. Shi Mendel dogaye 787 ya ƙirga da gajeru 277, wato kusan 2.84 ga 1. A siffar ƙwaya kuwa, inda ya ƙirga masu santsi 5,474 da masu tamoji 1,850, ya samu 2.96 ga 1. Dubi yadda yawan abin da aka ƙirga ya matsar da amsa kusa da 3 ga 1. Darasin kofi biyar-biyar ne ya sake bayyana.

A rarrabe halittu, tsarin suna biyu na Carl Linnaeus ɗan Suwidin ne. Zaki Panthera leo, damisa Panthera pardus, sunan farko ya nuna dangi ɗaya suke. Na farko da babban baƙi yake farawa, na biyu da ƙarami, in da hannu ka rubuta ka ja wa kowanne layi a ƙasa. Maki ne mai sauƙi da ake zubarwa a banza.

Mataki na shida: ikoloji

Ikoloji shi ne nazarin dangantakar halittu da juna da kuma muhallinsu. Ernst Haeckel ne ya ƙirƙiro kalmar a 1866, daga kalmar Girkanci mai nufin gida. Arthur Tansley ya kawo kalmar ikosistem a 1935. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka zaɓi wuri ɗaya, misali tafki, ka yi duk bitar a kansa. Kwaɗo guda, halitta ɗaya ce. Duk kwaɗin nau'i ɗaya da ke tafkin, taron nau'i ke nan. Su da kifaye da gansakuka da ƙwari da bakteriya, jama'ar halittu. Ƙara ruwa da laka da haske da zafi da oksijin da ya narke a ruwa, ka samu ikosistem. Raba abin da ke tafkin gida biyu a takarda, masu rai da marasa rai, sannan ka zaɓi ɗaya daga marasa rai ka tambayi kanka abin da zai faru in ya sauya. In ruwa ya yi zafi, oksijin da yake iya riƙewa yana raguwa, kifi ya shiga wahala. Irin wannan tunani ake so.

Zana sarkar abinci: ciyawa → fara → kwaɗo → maciji → shaho. Kibiya tana nuna inda makamashi ya nufa, daga wanda aka ci zuwa wanda ya ci. Ɗalibai da yawa suna juya ta, maki ya tafi. Sarka kullum da mai haɗa abincinsa take farawa. Haɗa sarƙoƙi uku ko huɗu su zama saƙa, sannan ka rufe halitta ɗaya da yatsa ka bi sawun abin da zai biyo baya: babu kwaɗo, fara ta yi yawa, ciyawa ta ragu, maciji ya nemi wani abincin ko ya ragu.

Me ya sa sarka ba ta cika wuce hawa huɗu ko biyar ba? Aikin Raymond Lindeman na 1942, a kan wani tafki a jihar Minnesota ta Amurka, shi ne tushen ƙa'idar da littattafai suke koyarwa: kimanin kashi 10 cikin 100 na makamashi ne kawai yake haurawa daga hawa zuwa na sama. In ciyawa tana da kilojul 10,000, fara 1,000, kwaɗo 100, maciji 10, shaho 1. Sauran ya tafi a numfashi, ya fita a matsayin zafi, ko ya tsaya a sassan da ba a ci ba da kashi. Kashi 10 ɗin kimantawa ce, tana hawa tana sauka, amma da ita za ka yi lissafi. Wasu sinadarai kuwa akasin haka suke yi. Maganin ƙwari na DDT ba ya saurin rushewa, yana taruwa a kitse, sai ya ƙara yawa a kowane hawa. Ya sa ɓawon ƙwan manyan tsuntsaye masu cin kifi ya yi rauni yana fashewa, Amurka ta hana amfani da shi a gonaki a 1972.

Riƙe wannan da kyau: makamashi wucewa yake yi, daga rana ya shigo, a zafi ya fita, ba ya dawowa. Sinadarai kuwa zagayawa suke yi. Zagayen kabon ka riga ka san rabinsa daga mataki na huɗu, sai ka ƙara ruɓewa da ƙone man fetur da kwal da itace. Zagayen naitirojin ya fi ba ɗalibai wahala. Kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, oksijin 21, amma tsiro ba ya iya amfani da naitirojin na iska kai tsaye. Tuge shukar waken da ka dasa a ƙasa in ta girma, ka duba saiwarta, kana iya ganin 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu bakteriyar Rhizobium take zaune, tana mayar da naitirojin na iska zuwa abin da tsiro zai iya sha, tsiron kuma yana ciyar da ita. Masu ruɓar da matacce suna fitar da amoniya, bakteriyar Nitrosomonas ta mayar da ita naitirait, bakteriyar Nitrobacter ta mayar da naitirait zuwa naitiret wanda saiwa take sha, wasu bakteriyar kuma su mayar da naitiret iska. Zana shi zagaye, kowace kibiya ka rubuta a kanta wanda yake aikin.

Zaman tare kuwa da alamomin lissafi za ka riƙe shi: tarawa ga wanda ya amfana, ɗebewa ga wanda ya cutu, sifili ga wanda abin bai shafa ba. Kowa ya amfana, kamar ƙudan zuma da fure, ko Rhizobium da wake: tarawa da tarawa. Ɗaya ya amfana ɗayan ya cutu, kamar ƙwayar Plasmodium mai kawo zazzaɓin cizon sauro a jikin mutum: tarawa da ɗebewa. Ɗaya ya amfana ɗayan ko oho, kamar balbela da take bin shanu tana kama ƙwarin da suka tayar: tarawa da sifili.

Sai ƙidaya. Ga abin da ba ya motsi, ana jefa firam mai faɗin murabba'in mita ɗaya ba tare da zaɓen wuri ba. In ka jefa sau 10 ka ƙirga tsiro 60, matsakaici 6 ne, a fili mai murabba'in mita 200 kuwa kimanin 1,200. Ga mai motsi, a kama, a yi alama, a saki, a sake kamawa. Ka kama dodon koɗi 40 ka yi musu alama, bayan kwana biyu ka kama 50, a ciki 10 masu alama: 40 sau 50 a raba da 10, kimanin 200. Lissafin yana tafiya daidai ne in alamar ba ta goge ba, ba ta jawo musu maƙiyi ba, kuma waɗanda aka saki sun gauraya da sauran.

Mataki na bakwai: tsofaffin tambayoyi

Sai yanzu za ka ɗauko su, da agogo a gabanka, littafi a rufe. Kafin ka amsa, ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni. In an ce ambata, kalma ɗaya ko biyu ta isa. In an ce bayyana dalili, dole amsarka ta ƙunshi «saboda». In an ce kwatanta, kowace jimla ta taɓa abubuwan biyu. A giraf, fara karanta abin da aka rubuta a layukan biyu da ma'auninsu kafin ka kalli lanƙwasar: abin da mai gwaji ya sauya yana layin kwance, abin da ya auna yana na tsaye. In lanƙwasa ta hau sannan ta miƙe, kamar saurin fotosintesis da ƙarin haske, to wani abu daban ne ya fara taƙaita shi, kabon dayoksaid ko zafi. In yawan halittu ne ya hau ya miƙe, muhallin ya kai iyakar abin da zai iya ɗauka.

Duk tambayar da ka faɗi, rubuta abu uku a littafin kurakurai: amsar da ka bayar, amsar daidai, da abin da ya ruɗe ka. Na ukun ne ya fi amfani. In ka samu aboki ko ƙani, zaunar da shi ka koya masa darasi ɗaya ba takarda, inda bakinka ya sarƙe nan ne gibin.

Saura kwana biyu jarrabawa, ɗauko takardar ranar farko ka sake yin awon nan na minti uku-uku a sabuwar takarda, ka ajiye su gefe da gefe. Darasin da har yanzu yake da sifili ko ɗaya, shi za ka ba ranar da ta rage: zane ɗaya, misali ɗaya, da gwajin da aka gano shi da shi.